Taurarin da Muka Huda a Rufin Kwano

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har jikokina wani lokaci sai na jera sunaye uku kafin in dace da na wanda nake kira. Amma maraicen da muka gwada kwalekwale a ɗakin duhu a Jidda, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinsa tiryan-tiryan. Ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife ni, nan bakin teku. Babana ya zo hajji tun yana saurayi bai koma gida ba, ya zama mai gyaran huri, wato ƙananan kwalekwalen masunta, kuma in ana son bukkar ciyawa mai kyau shi ake nema. Ni kafinta ne, a hannunsa na koya. A shekarun saba'in, lokacin da Jidda ta fara buɗewa ta ko'ina, wani attajiri ya sayi fili zai gina malahi, wurin shaƙatawa na iyali mai lilo da ƙaramin jirgin ƙasa. Mutumin ya yi yawon duniya, ya ga wasu tsibirai a tsakiyar babban teku da ake kira Polinesiya, suka shiga ransa. Ya ce lallai sai an ware ɓangare guda an mai da shi kamar can. Ya ɗauko wani Bature muhandis, wato injiniya, ya zana masa, mu kuma aka ɗauke mu aikin katako da ciyawa. Mu goma sha biyu ne, duk 'yan unguwa ɗaya, Baba ne mu'allim ɗinmu, shugaban aiki.

Ranar da muhandis ya shimfiɗa mana takardun zanen, dariya ta kusa kashe mu. Bukkoki ne fa! Mu da muka yi shekaru muna roƙon Allah ya fitar da mu daga bukka ya kai mu ɗakin bulo, yau ga masu hali za su fesa turare su zo su zauna a cikinta don nishaɗi. Da na ba Innata labari cewa ta yi, "To ai da sun faɗa da wuri, da mun bar musu tamu."

Bukkoki ba su ba mu wahala ba. Babban abin shi ne wani dogon ɗaki mai rufin kwano, ba taga ko ɗaya, da hanyar ruwa mai lanƙwasa a cikinsa. Mutane za su shiga kwalekwale su ratsa duhun suna kallon abin da aka jera musu dama da hagu. Da muhandis ya buɗe takardar abin da za a jera ɗin, sai muka matso muka leƙa. Manyan fuskoki ne na katako, ido warwaje, baki a wage, irin waɗanda mutanen can suke sassaƙawa. Baba ya sa yatsa ɗaya ya ture takardar.

"Ni da ƙafata na tako daga ƙasar Hausa don in ga Ɗakin Allah," in ji shi. "Ba zan ƙare da sassaƙa gunki a ƙofar Makka ba."

Attajirin yana tsaye, bai yi musu ba, don shi ma ya san ba wanda zai bar shi ya kafa irin wannan a garin nan. Sai dai ya ce, "Gaskiyarka, ya mu'allim. To amma me mutane za su kalla? Duhu ai kowa yana da shi a gidansa." Ya ce in babu abin sawa a ciki, zai soke ɓangaren gaba ɗaya ya kawo motocin nan da ake karo da su. Motocin karo kuwa ba ruwansu da kafinta. Na dubi fuskokin mutanenmu, kowa da iyalinsa a gida.

Ban san daga ina tambayar ta zo mini ba. Na ce wa muhandis, mutanen tsibiran nan, ban da sassaƙa, da me aka san su? Ya amsa da gurguwar Larabcinsa cewa matuƙa teku ne na gaske, sukan yi makonni a kwalekwale ba su ga ƙasa ba, ba su da wani abin auna hanya sai taurari. Baba ya gyara tsayuwa nan take, don ya sha fita da masunta kuma ya san taurari kamar yadda ya san lungunan Ruwais. Ya ce, "Ashe mutanen kirki ne." Ni kuwa ƙuruciya tana ɗibata, bakina ya riga hankalina. Na ce wa attajirin, da kiran girmamawa irin na Larabawa, "Ya Ammu, ba mu wata guda, za mu saka maka sararin sama a cikin ɗakin nan."

Ya kalle ni daga sama har ƙasa. "Tayyib, wata guda. Zan kawo mahaifiyata. In ta shiga ta ce ya yi, halas, aikinku yana nan. In ba ta ce ba, motoci."

Dabarar kuma tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce me zai sa mu wahala da waya da ƙwan lantarki, alhali ga rana Allah ya ba mu har ta yi yawa? A huda rufin kwanon kawai, haske ya shigo ta ƙananan kafofi, shi ke nan an yi taurari. Muhandis ya yi tafiya don ya taho da injin tura ruwa, saboda haka ba wanda zai taka mini burki. Baba yakan kwanta rigingine a cikin kwalekwale da doguwar gora a hannu, ya ƙwanƙwasa wurin da yake so, ni kuma ina kan rufi da ƙusa da guduma ina hudawa. Kai, na sha faɗa a watan nan! In na kauce da faɗin yatsa guda sai in ji murya daga ƙasa, "Kai, wa ya ce maka nan kaza take ajiye 'ya'yanta? Toshe!" In toshe da kwalta, in sake. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, manya da babbar ƙusa, ƙanana da tsinin allura, ga wata farar hanya da ta ratsa tsakiya wadda ita kaɗai ta ci mini kwana shida.

Kullum da azahar in mun ci abinci sai mu rufe ƙofa mu gwada. Wallahi abin ya yi kyau. Taurarin suna sama, ga su kuma suna rawa a kan ruwa, ƙartin maza suna zufa suna ta mashallah. Muka dasa ganyen kwakwa a gefe, muka yi wa huri biyu reshen katako irin na mutanen tsibiran don kada su kife. Ni kuwa har tafiyata ta canza, a unguwa ma ban cika amsa gaisuwar sa'o'ina da wuri ba.

Yanzu in na tuna sai in riƙe baki. Mu goma sha biyu, ga dattijo mai furfura a cikinmu, amma ba wanda ya taɓa taka ƙafarsa a malahi. Mu mutanen asuba ne, muna fara aiki da sanyin safiya, la'asar na yi mun tattara kaya. Ko sau ɗaya bai faɗo wa ɗayanmu a rai ba cewa mutumin Jidda ba ya fita yawo da iyalinsa sai rana ta faɗi.

Ranar gwaji muka yi shara, muka sa fararen riguna, muna jira tun hantsi. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Sai dab da magariba motar attajirin ta tsaya, ya fito da Hajiya mahaifiyarsa, 'yar tsohuwa mai sanda da kaifin ido, ga muhandis ya dawo yana biye da su. Aka ce a yi salla tukuna. Kafin in yi alwala na ce bari in leƙa ɗakin in tabbatar komai lafiya. Na buɗe ƙofa na shiga, na ɗaga kai. Ba komai. Baƙi ƙirin, ko tafin hannuna ba na gani. Na tsaya ina jiran idona ya saba, sai a lokacin abin ya faɗo mini. Rana ta tafi da taurarina.

Sallar magaribar nan Allah kaɗai ya san abin da na karanta a cikinta. Ana sallamewa na matsa kusa da Baba na raɗa masa. Na zaci zai wanke ni da faɗa a gaban mutane, kuma da ya yi ban ga laifinsa ba. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Je ka zagaya da su bukkoki. Kada ka yi sauri. In kun gama ka shiga da su."

"Baba, in shiga da su su ga me?"

"Yalla, tashi. Ka cika tambaya."

Ban taɓa yin surutu irin na ranar ba. Na yi wa Hajiya bayanin kowace igiya da kowane ƙulli, na faɗa mata inda aka yanko ciyawar, na sa aka kawo shayi, na sake sa aka kawo. Ina magana ina waige, ban ga ko ɗaya daga cikin mutanenmu ba. A raina na ce shi ke nan, sun gudu sun bar ni da abin kunyata. Can Hajiya ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ɗana, ni a bukka kakata ta raine ni, ba sai ka koya mini ba. Ina kwalekwalen?"

Haka na zaunar da su, ita da ɗanta a gaba, muhandis a tsakiya, ni a baya da gora ina turawa, don ba a riga an haɗa injin ba. Aka rufe ƙofa. Duhu ya rufe mu, ba ka jin komai sai ruwa. Attajirin ya yi gyaran murya. Na buɗe baki zan ce, ya Ammu, a yafe mini, sai ga wani ɗan haske ya ɓullo a sama, sai wani, sai gungu guda. Kafin mu kai kwanar farko sama ta cika maƙil. Kuma ba irin na azahar ba ne da suke tsaye cik, waɗannan suna ƙyaftawa, suna ƙaruwa suna raguwa. Gorar ta kusa suɓuce mini.

Hajiya ta yi salati. Ta fara nuna su da sanda tana kiran sunayensu da Larabci, ashe 'yar masu jiragen ruwa ce. Da muka kusa ƙarshe ta kama hannun ɗanta ta ce, "Tsaya, tsaya! Ga Suhail can ƙasa-ƙasa. Dubi yadda yake rawa. Wallahi haka yake yi a kan teku, babana yakan nuna mini shi." Ta share hawaye. Ta ce in sake zagayawa da ita, na sake.

Muna fitowa attajirin ya ce, "Ina mu'allim?" Muka ɗaga kai. Ga mutanenmu reras a kan rufi, wasu a durƙushe wasu rub da ciki, kowa riƙe da atrik, fitilar nan mai famfo da ake kunnawa a gidajen shayi. Ashe gidajen shayin bakin hanya da masu sayar da kifi suka bi da gudu suka aro. A can ƙarshen rufin kuwa ga Baba da kansa, mutum mai shekara kusan saba'in, a durƙushe kan kwanon da ya wuni yana shan rana, ya ɗaga fitila da hannu biyu saitin huda ɗaya. Hannuwansa karkarwa suke yi don gajiya. Rawar Suhail ɗin da ta sa Hajiya hawaye ke nan.

Ban jira an tambaye ni ba, na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, na ce wautar tawa ce ni kaɗai. Attajirin ya yi dariya har ya dafa bango, muhandis yana ta buga goshi. Hajiya ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga sanda ta ce, "Ku sauko mini da dattijon nan kafin ya faɗo, marasa hankali!" Sannan ta juya ga ɗanta ta ce, "Ya yi. Kuma tauraron can, yadda na gan shi yana rawa haka nake so ya zauna." Muhandis ya ɗora rufi na biyu a sama ya jera ƙwayayen lantarki a tsakani, amma sai da ya yi mako guda yana fama kafin ya samu ƙwan da zai yi rawar da ta gamshi Hajiya. Aikinmu ya tsira, mu goma sha biyu ba wanda aka sallama.

A hanyar gida na ga tafin hannun Baba da gwiwoyinsa sun yi jawur. Cikin kunya na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Ni ma ai ina kwance ina kallon hudar wata guda, ban tuna ba." Har ya rasu bai taɓa yi mini gori a kai ba.

Na koyi cewa kafin ka gina wa mutane abu, ka je ka ga yadda suke rayuwa da lokacin da za su zo, kada ka auna su da kanka. Amma abin da ya fi zama mini a zuciya shi ne na biyu. Daga baya ni ma na zama mu'allim, na yi shekaru da mutane a ƙarƙashina, sun yi mini ɓarna iri-iri. Duk ranar da wani ya zo yana rawar murya ya ce ya yi kuskure, sai in haɗiye faɗan da ya taso mini, in tashi mu gyara tare, don ni ma ranar da na fi cancantar a tozarta ni, tsohona hawa rufi ya yi ya rufa mini asiri.