Yaya Basrani da 'Ya'yan Agwagwar Daji

Yaya Basrani wan marigayi mijina ne, kuma duk ƙauyenmu na fadamar Alabiyo babu wanda ya kai shi iya ƙyanƙyasar ƙwai. Agwagin gidanmu ba sa kwanci, sai dai a shanya ƙwan a rana, a binne shi cikin ƙaiƙayin shinkafa. Shi Yaya a fatar idonsa yake ɗora ƙwai ya ji ɗuminsa. Matarsa Masniya takan ce tun da aka yi aurensu bai taɓa riƙe ta da tausayi irin yadda yake riƙe ƙwai ba.

Wata shekara, da ruwa ya fara janyewa, ya je yankan ciyawa a kwalekwale, ya tarar da sheƙar agwagwar daji, ƙwai tara, babu uwa. Bai kawo a ransa kiwo ta tafi ba, don a saninsa agwagwa ba ta komawa kan ƙwanta. Ya kwashe su cikin hularsa ya kawo gida.

Na ce, "Yaya, anya uwarsu ba ta nan kusa?"

Ya ce, "Ke dai ƙanwata, ja carbinki. Marayu ne."

Duka taran suka fito, kuma da suka buɗe ido shi suka fara gani. Shi ke nan, ya zama uwa. Yana tafiya kan gadar katako suna biye da shi a jere. Ran nan har ƙofar masallaci suka raka shi azahar, suka zauna cikin takalman mutane suna kuka, sai da liman ya gajarta sura.

Amma fadama ba ta san maraya ba. Guza ya ɗauki biyu a ƙarƙashin gidan, da yake a kan ginshiƙan katako aka gina shi. Shirwa ta sure ɗaya a gabansa, yana tsaye yana ɗaga mata tsintsiya. Haruwan, wani kifi mai cin nama, ya ja uku ta ƙafa. Yaya ya kafa wa kifin ƙugiya har ya kama shi, ya sa Masniya ta dafa da madarar kwakwa, ya ci yana yi masa faɗa. Uwa ta gaskiya fito take yi wa 'ya'yanta su ɓuya, shi kuwa haƙoransa na gaba sun zube, in ya hura sai iska da yawu.

Uku suka rage, suka yi fiffike. Sai maƙwabcinmu Tarmiji, mai kama agwagin daji da raga yana kai wa masu abinci a garin Amuntai, ya leƙo wata safiya. Duka agwagin uku suka ruga suka hau ƙafarsa.

Tarmiji ya yi dariya ya ce, "Baba, waɗannan ai ba sai da raga ba. Faranti kawai zan miƙa musu."

"Taɓa su ka gani, ɗan nema!"

"Ni ba zan taɓa ba, wallahi. Amma masu raga nawa ne a fadamar nan?"

Nan Yaya ya gane muddin suna son mutum, tukunya ce makomarsu.

Daga ranar ya daina ba su tsaki. In sun matso ya buga gwangwani, ya watsa musu ruwa, ya bi su da sanda yana ihu. Ni da nake wanki kusa na ga hawaye a gemunsa, ya ce ruwan fadama ne. Sau biyu ya faɗa laka har wuya. Ƙarshe wata asuba garken 'yan uwansu ya wuce yana fito, ukun suka tashi suka bi, ko waiwaye babu.

Yanzu ya tsufa, ido ya yi rauni. Duk garken da ya gifta sai ya ɗaga kai ya ce, "Ga nawa can, ukun nan daga hagu." Masniya ta ce, "To kira su mana." Sai ya ce Allah ya kiyaye, ai da wahala ya koya musu rashin kunyar nan.