Ayuba Ya Zo da Wuri

Ni mutum ne da ba na iya ganin abu a hargitse in wuce. Ko cokula ne a kicin sai na jera su, manya gefe, ƙanana gefe. Da aka ɗauke ni aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, bayan sojoji sun koma bariki, sai aka tura ni sashen tsare-tsare, mutanen gidanmu suka ce an kai ni inda na dace. Lokacin garin yana ta kumbura. An ƙara albashi, wayar salula ta shigo, duk inda ka juya ana zuba kankare, mu kuma muna ofis muna zana yadda ƙasa za ta gyaru kashi-kashi. Na yarda da wannan aiki har cikin raina.

A shekarun nan ne muka rasa 'yarmu ta fari. Matata ta haife ta babu rai, ni kuma ina wani gari wurin taron bita. Kafin in iso, dattawan ikilisiyarmu sun binne ta. Tun daga nan matata ta daina hira da ni. Ba gaba take yi ba. Tana gaishe ni, tana ajiye mini abinci, in na yi tambaya ta amsa. Amma ɗakunanmu biyu a Gwarinpa sun yi tsit, tsoro kuma ya kama ni cewa haka za mu tsufa, muna gaisawa kamar maƙwabta. Ban san abin da zan ce mata ba. Don haka na yi abin da na iya, na shiga neman tsari.

A tashar Jabi na same shi. Na je ba wa direba saƙon gida, sai wani mai tallan littattafai ya tura mini wani ɗan siririn littafi a hanci. Yana koya yadda za a karanta Littafi Mai Tsarki bisa yadda abubuwa suka faru bi da bi, ba bisa yadda aka jera littattafan ba. Ashe annabawan da ke can baya a zamanin sarakuna suka yi rayuwa. Ashe wasu zabura a tsakiyar gudun tsira aka rera su. Tun ina yaro nake zuwa sujada, amma ranar sai na ji kamar an miƙo mini fayil ɗin da ya daɗe a birkice, aka ce in gyara. Har wani tausayin Kiristocin duniya ya kama ni, da suka yi ta karatu babu tsari.

Na ba ogana labari a ofis. Bakano ne, Musulmi, ya yi karatu a Ingila, kuma Fasto yake kirana don tsokana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Fasto, mu ma namu Littafin ba a jera shi yadda ya sauka ba, kuma har yau ba wanda ya rubuta takardar ƙorafi a kai.” Na yi dariyar da ake yi wa oga, amma a raina na ce bai gane ba. Ya tambayi jikin madam, na ce da sauƙi.

Washegari a addu'ar safe na gabatar wa matata da shirin, kamar shugaban mitin. Na kafa dokoki. Ba a tsallake ko aya ɗaya. Ba a komawa baya. Ba wanda zai ce yau ransa Zabura yake so. Ta ce to. Abin da ban gaya mata ba shi ne, lissafina ya nuna mini za mu fara da Farawa, da haske da lambu da tsuntsaye, mu daɗe ba mu haɗu da wani baƙin ciki ba. Inda wa ya kashe ƙaninsa na karanta da sauri kamar mai kiran fasinja. Jerin sunayen kakanni kuwa na ja shi a hankali, ina jin daɗinsa, don babu abin da zai sa kowa kuka a ciki.

Ba mu yi nisa ba, wata safiya bayan mun gama labarin hasumiyar da aka rikita harsunan maginanta, na leƙa ɗan littafin in ga abin da ke gaba. Ibrahim nake tsammani. Sai na ga Ayuba. Wai masana sun ce a wannan zamani ya rayu, don haka aka ɗauko shi daga tsakiyar Littafi aka dasa a nan. Ayuba, wanda tun a surar farko ɗaki ke faɗa wa 'ya'yansa. Tsarin da na kawo don ya kare mu, shi ne ya kai mu inda nake gudu, kuma da wuri.

Da matata ta fito ta zauna, na buɗe labarin Ibrahim na yi gyaran murya. Na manta ɗan littafin kullum a kan tebur yake kwana, ita ce kuma mai share teburin.

“Yau ba Ayuba ba ne?” ta tambaya.

Na shiga kame-kame. Na ce masana ba su daidaita a kai ba. Na ce a ƙasar waje aka buga littafin, ba mamaki akwai kuskure. Har na fara wani bayani a kan raƙuma, ni kaina ban san inda ya nufa ba.

“Maigida,” ta ce, “kai ka ce ba a tsallake.”

Ta ɗauko tsohon Littafin mahaifiyarta, mai tsohuwar fassara, ta karanta da kanta. Masu kawo labari suka yi ta shigowa, wannan bai rufe baki ba wancan ya iso. Muryarta ba ta yi rawa ba, ni ne na ƙura wa fanka ido. Da ta kai inda matar Ayuba ta yi maganarta mai ɗaci, mijin ya tsawata mata, sai ta ɗora yatsa a kan shafin ta tsaya.

“Ita ma fa 'ya'yanta ne,” ta ce. “Abokai sun zo sun zauna da shi. Ita wa ya zauna da ita?”

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mini a watanni, ni kuwa, da yake ni ne, sai na buɗe baki zan bayyana mata cewa littafin waƙa ne, kuma marubucin ya mai da hankali ne ga mijin. Ta ɗago ta dube ni. Na rufe bakin.

Mun daɗe a cikin Ayuba. Ba a tsallake, ai ni na faɗa. Muka raba karatun, ita ke ɗaukar kukan Ayuba, ni kuma jawaban abokansa suka faɗo a kaina. Mutanen nan suna da bayani a kan komai, dalili na ɗaya, dalili na biyu, duk a jere. Ban so in yarda ba, amma ina jin daɗin karanta su. Wata safiya na ɗauki ɗaya daga cikinsu da ƙarfi, har ina nuni da yatsa, sai na ji wani sauti da na daɗe ban ji ba. Dariya take yi, ta rufe baki da gefen zane. Ta ce muryar ta dace da ni. Na ji kunya, na kuma ji daɗin da ba zan iya kwatantawa ba.

Surar ƙarshe ni na karɓa da sauri, don na san akwai labari mai daɗi. An mayar wa Ayuba da dukiyarsa har da ƙari, ya kuma haifi 'ya'ya. Na karanta da fara'a kamar mai sanar da ƙarin girma, na rufe Littafin na dube ta.

“Wasu aka ba shi,” ta ce a hankali. “Ba waɗancan aka dawo masa da su ba.”

A waje maƙwabcinmu da ke rage mini hanya zuwa sakatariya ya danna hon. Ya sake dannawa, sannan na ji ya ja motarsa. Ban tashi ba. Akwai tambayar da nake ɗauke da ita tun ranar da na dawo daga taron nan, ina jin tsoron amsarta.

“Kin gan ta?” na ce.

Ta gyaɗa kai. Ta ce nas ta naɗe ta a zanenta ta ɗora mata ita a ƙirji, aka bar su tare na ɗan lokaci.

“Da wa ta yi kama?”

“Da kai,” ta ce. “Goshin nan naka, har da kunnuwan. Na ce wa nas ɗin, wannan kam ubanta ta kwaso.”

Na kai hannu na taɓa goshina, sai kuka ya ƙwace mini, na farko tun rasuwar. Ta jawo kujerarta kusa da tawa, ta ci gaba da ba ni labarin gashin kan 'yarmu da 'yan yatsunta.