Sunan da Kyauta Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Kyauta sa-ɗakar sarki ce, ta wata ƙaramar masarauta da yanzu sai a bakin tsofaffi ake jin ta. A gidan sarautar aka haife ta, 'yar jakadiya, kuma tun kafin ta shiga ɗakinsa ta san doka ɗaya: ba a kiran sunan sarki. Zaki ne, Mai Martaba ne. Ko mai kawo musu kananzir, da ya yi rashin sa'ar zama takwaransa, "mai sunan manya" ta riƙa ce masa har ya mutu.

Ranar da gwamnati ta rushe masarautar, a rediyo suka ji, tana tsakiyar dama masa fura. Kafin wata ya zagayo fadawa sun watse, dogarai sun koma gadin shaguna, matan aure kowace ɗanta ya zo ya ɗauke ta. Kyauta ce ta rage, tana durƙusa masa a gidan haya kamar yadda take yi a soron ciki. Ni dai ban ga laifinta ba. Abin da ta iya ke nan.

Da ciwon zuciya ya kama sarkin, ɗansu Ghazali, mai aikin gini a Riyad, ya kawo su ɗakinsa na unguwar Manfuha. Aka yi wa tsohon aiki, aka kwana biyu bai farfaɗo ba. Da hantsi asibiti suka kira, Ghazali yana wurin aiki, wayarsa a kashe. Abu ɗaya Kyauta ta gane a duk Larabcin: ta zo yanzu.

Ta hau tasi ita kaɗai. Tsoronta kada ya cika a hannun baƙi, ba wanda ya san ko shi wane ne.

"Ismul marid, ya hajja?" in ji Balaraben da ke teburin shiga. Sunan majinyaci yake so.

"Mai Martaba," ta ce.

Ya danna na'ura, ya girgiza kai. Ta ce Zaki. Ya ce babu Zaki a nan, ya leƙa layin da ke bayanta. Sunan yana bakinta amma harshe ya ƙi.

Wata mai goge-goge, Zouera, 'yar Damagaram, ta jingine sandarta ta matso.

"Inna, maigidanki ne? To kada ki faɗa. Ni zan riƙa kira, in na zo kansa ki sunkuyar da kai."

Ta fara: Saidou, Bachir, Yahuza, Maulud. Da ta ce Almustafa, Kyauta ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka nuna musu hawa na sama.

Yana kwance, babu rawani, furfurarsa a waje, igiyoyin roba a hanci da hannu. Ba ta taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba. Likita ta yi bayani, Zouera ta fassara: numfashinsa yana ja baya, ya ƙi amsa kowa, ana so muryar da ya sani ta kira shi.

Kyauta ta durƙusa a gefen gadon.

"Ranka ya daɗe."

Ta ɗan ɗaga murya.

"Zaki, an gaishe ka. Allah ya ja zamaninka."

Ko gira bai motsa ba. Likita ta dubi na'urar da ke kansa, ta yi wa ma'aikaciyarta magana ƙasa-ƙasa, kuma Kyauta ba ta son irin wannan maganar a kowane yare. Sai ta gane cewa duk inda ya tafi, sarautar ba ta bi shi can ba. Ta miƙe tsaye a kansa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kai bakinta kunnensa.

"Almustafa."

Yatsunsa suka motsa a kan zanin gado.

"Na'am," ya ce, da muryar yaron da aka tasa daga barci.