Tiyon Fijon Baba Yaji

Baba Yaji bakaniken fijo ne, ban taɓa ganin ya sa hannu a wani inji daban ba. Rumfarsa na jikin tawa a bakin hanyar Sahuda. Ni ina walda, shi yana zaune. Zaman ne ya fi yawa, don fijo ta ƙare a Mubi, sai keke da ƙananan motocin da ake jona wa kwamfuta.

Tun da matarsa Rachael ta rasu, shi kaɗai ne a gida. Ɗansa Japhet yana aiki a Yola, kuma ya gaji da roƙo ta waya. Da Kirsimeti ya zo har rumfa.

"Baba, ka tattara mu tafi. Me kake gadi a nan? Wannan gawar?"

Yana nufin tsohuwar akori-kurar da ke bayan rumfa. Da ita Baba Yaji ya yi shekaru yana kwaso gyaɗa da wake daga Mugulbu. Tun shekarar da mahara suka shigo muka gudu muka bar gari ba ta sake tashi ba.

"A bayan gawar nan aka kai ka baftisma," in ji tsohon. "Ka ji magana ɗaya. In ta tashi kafin damina, ina nan ina jigila na. In ta ƙi, ka turo mota, zan bi ka."

Ya kama aiki. Ya wanke kafireto, ya canza fulogi, ya aro batir. Har injin ya yi tari. Abin da ya rage shi ne ya cire tiyo ya duba hanyar ruwa. Tiyon sama ya fita ba gardama. Na ƙasa, wanda ya taso daga lagireto ya kama bakin famfon ruwa, ya ƙi. Robar ta bushe ta manne da ƙarfen, ba ka gane inda ɗaya ya tsaya.

Na miƙa masa wuƙa.

"Baba, yanke shi mana. Tiyo ai ana samu a kasuwa."

"Tiyo ana samu, Alhassan. Bakin famfo fa? Wuƙa bai san inda roba ya ƙare ba. Ka je ka ƙona ƙarfen ka."

Na koma na ƙona ƙarfena.

Ga yadda yake yi. Ya kwance kilif ɗin da ke ɗaure tiyon, ya tura shi baya. Ya tafasa ruwa a gwangwani, ya jiƙa tsumma ya naɗe wurin har robar ta yi laushi. Yana da wata tsohuwar sukundireba da ya lanƙwasa bakinta ya goge kaifin. Ita yake cusawa a hankali tsakanin roba da ƙarfe, ya ɗiga ruwan sabulu, ya matsa gaba kaɗan, ya sake ɗigawa. Ba ya ja, murɗawa yake yi. Ga kuma tsufa, don haka abin ya ci kwanaki. Da azahar yakan zauna a kan tsohuwar taya ya ci rogo, yana fuskantar motar. Babu mai zuwa gaishe shi. Abokan jigilarsa wasu sun mutu, wasu ba su dawo ba bayan gudun.

Wata safiya na ji ya ce, "Yawwa."

Na leƙa. Tiyon ya fita cif, ko tsaga babu. Amma bakin famfon ya biyo shi. Yana cikin robar, ya zama farin gari. Baba Yaji ya zazzage shi a tafin hannunsa.

Mu duka mun san dalili. Direban ƙauye ruwan mayo, wato rafi, yake ɗura wa lagireto, da laka da komai. In ya fara yoyo a hanya, sai a zuba garin kwaki ko barkono ya toshe, a ci gaba da tafiya. Haka kowa ya yi, har shi. Ruwan nan ya kwanta a ciki shekara da shekaru yana cin ƙarfe. Tiyon ne kawai ke riƙe da wurin.

Ya kwance famfon gaba ɗaya. Bayansa, kan injin ma ya ruɓe. Ya danna da yatsa, yatsan ya shige.

"Kai ne mai walda," ya ce.

"Baba, ba a walda gari. Amma ana iya neman wani kan a Yola ko Maiduguri."

"Na ce in ta tashi. Ban ce in na sa mata kan wata ba."

Ya rufe bonet. Ya wanke hannu da fetur, sannan da sabulu. Ya roƙe ni in kira masa Japhet, don idonsa ba ya ganin lambobi.

Motar da ta zo ɗaukarsa ƙarama ce, mai sanyi a ciki. Ya zauna a baya da jaka a cinya. Direban ya ɗaga gilas kafin mu gama sallama.

Akori-kurar tana nan. 'Yan gwangwan sukan tsaya su ƙwanƙwasa jikinta, su tambayi mai ita. Ina ce musu ya yi tafiya.