Goggo mai jan biro, kin bar mu da shafuka a hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, ina ajiye fasinja a tashar ƙarshe, 'yarki ta kira ni ta ce Allah Ya yi miki rasuwa da hantsi, bayan jinyar mako uku. Na kashe motar, na daɗe riƙe da sitiyari, na kasa fitowa.

Goggo, shekara talatin kika yi kina buga tafireta a maɗaba'a. Da kika yi ritaya sai kika buɗe mana barandarki duk Asabar, mu goma sha biyu masu ƙaiƙayin rubuta labari: ni direban bas, da tela, da mai chemist da ke sayar da magani, da malamar firamare, da sauranmu. Babu wanda ya taɓa buga ko shafi ɗaya. Labari dai muna da shi, yadda za a zuba shi a takarda ne ba mu sani ba.

Ba na manta ranar da na fara kawo miki nawa. Shafi huɗu cur, babu aya, babu waƙafi, babu sakin layi. Kika ce in karanta da ƙarfi, kada in ja numfashi sai inda na sa alama. Ban kai rabin shafi ba na fara haki, kowa ya fashe da dariya. Kika ce, "Ɗana, kai da kake taka birki a kowace tasha, mai karatu ne ba za ka bari ya sauka ba?"

Haka kika yi wa tela da ya rubuta "mijin ya bata zobe". Kika zare tabarau kika tambaye shi, "Ba ta ya yi, ko ɓatawa ya yi? Ɗaya kyauta ce, ɗaya rigima." Tun daga ranar muka shiga taitayinmu da raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa. Ba ki taɓa taɓa wa mutum labarinsa ba, kuma ba ki taɓa gyara wani a gaban baƙo ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne littafin nan namu. Ke kika sa muka haɗa labarai goma sha biyu, ke kika roƙi mai maɗaba'a ya ware mana ƙarshen watan nan. Saura kwana tara. Bayan rasuwarki 'yarki ta kawo mana takardun a cikin jakarki, muka tarar bakwai kawai kika gama. Biyar ɗin da suka rage, da nawa a ciki, ba ki gyara komai ba. Ɗigo kawai kika riƙa sawa a gefen duk layin da ke da kuskure. 'Yarki ta ce hannunki ne ya daina riƙe biro sosai, amma kin ce mata, "Bar su su nemo da kansu, sun isa."

Goggo, ina tsoron ba mu isa ba. Ɗigo arba'in da ɗaya ne a labarina. Na gano talatin da uku. Takwas ɗin nan na karanta su a tasha, na karanta a gida, malamar firamare ta duba, tela ya duba, ba mu ga komai ba. Mai chemist ya ce a ɗage bugun. Malama ta ce in aka ɗage, kowa zai watse, Asabar ɗin ma ta mutu. Jiya muka tsayar da magana: za mu kai littafin maɗaba'a ranar da kika yanka, a shafin farko kuma za mu rubuta cewa duk kuskuren da aka gani namu ne, ba naki ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ga 'yarki da jikokinki da ƙannenki, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da kika bari. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da kika koya mana, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.