Daminar da Na Zama Idon Baba

Na dawo Safana daga Kano a farkon wata damina, da jaka ɗaya a hannu da wani nauyi a ƙirji wanda ban san sunansa ba. Kamfanin robobin da nake wa aiki ya rufe, aka sallame mu. Waɗanda aka sallama tare da ni kowa ya kama wata sana'a, ni kuwa na kasa. Na haura shekara talatin a lokacin, kuma wanda ya gan ni zai ce lafiyata ƙalau. Amma da na shiga ɗakin da na girma a cikinsa na kwanta, sai tashi ya gagare ni.

Kwanakin nan sun cakuɗe mini yanzu, ba na iya rarrabe su. Abin da na riƙe shi ne rufin kwano, da wata 'yar huda da rana ke shigowa ta ciki. Hasken yakan sauka a bango, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya yi ta rarrafe a hankali har ya ɓace. Ina jin dakan maƙwabta, da kiran sallar azahar, da kukan awaki, amma duk kamar ina ƙarƙashin ruwa nake jin su. Inna takan ajiye mini tuwo a bakin ƙofa, ta dawo ta tarar gefensa kawai na taɓa.

Mu Kirista ne, kuma ba mu da yawa a garin. Iyayena daga wajen Malumfashi suka zo tun ba a haife ni ba, aikin ruwa ne ya kawo Baba. Cocinmu ɗaki ɗaya ne mai 'yan bencina, masu zuwa kuma yawanci malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da aka turo daga wasu wurare. Da suka ji halin da nake ciki sai suka riƙa zuwa gaishe ni. Wani dattijon ikilisiya, mutumin kirki wanda ya san ni tun ina rarrafe, ya zauna a bakin gadona ya dafa ƙafata.

"Ɗana, mai bi ba ya zama haka," in ji shi. "Ka yi ƙarfin zuciya. Wanda Ubangiji yake tare da shi, me zai kwantar da shi?"

Na ce to. Da ya fita sai nauyin ya zama biyu. Da ina ganin na kasa a duniya ne kawai, yanzu kuma na ga ashe har a wurin Allah na kasa. Daga ranar na daina addu'a, don kunyar buɗe baki nake ji.

Baba bai taɓa shigowa ya yi mini wa'azi ba. Shi mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne, ƙauyukan Safana da Batsari duk sun san shi da Mai Famfo. Shekara huɗu kafin dawowata hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, amma bai ajiye aiki ba, wani mai acaba ne ke kai shi duk inda aka kira. A idona, babu wanda ya kai shi taurin rai. Abin da ya sa ma nake guje masa ke nan. Makaho yana fita aiki, mai ido yana kwance.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, na ji sandarsa a jikin ƙofata.

"Kana da ido?"

"Ina da shi, Baba."

"To ara mini na yau. Famfon Karare ya tsaya, sun aiko. Mai kai ni ya tafi gona, ya ce wannan lemar ba ta bari ba ce."

Na so in ce ba zan iya ba. Amma ya riga ya juya yana gaya wa Inna ta yaye buhunan da aka rufe tsohon babur ɗinsa da su. Bai tambaye ni yadda na kwana ba, bai kuma jira amsata ba.

Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan. Gero ya kai gwiwa, kore shar, iska tana kwantar da shi tana tayarwa. Duwatsu sun jiƙe sun yi baƙi, gajimare ya sauko ya zauna a kansu kamar ya gaji da tafiya. Na daɗe ban ga abu mai nisa ba, sai idona ya riƙa yin ruwa. Baba yana bayana, jakar kayan aiki a tsakaninmu, hannunsa ɗaya a kafaɗata. Can sai ya ce, "Gyaɗa ce a damarmu." Na duba, gyaɗar ce. Da muka ƙara gaba ya ce, "Mun zo gindin dutse, ƙarar babur ta dawo mana." Ban san lokacin da na fara ba shi nawa labarin ba. Na ce ga shanu farare suna tsallaka hanya, ga balbelu a bayansu, ga wata mata da tulu ta tsaya tana kallonmu. Yakan ce, "Uhm, sai me kuma?" Rabon da in yi magana mai tsawon wannan har na manta.

A Karare mun tarar da mata da jarkoki sun yi layi, da wani makiyayi tsaye da ƙafa ɗaya, ya jingina da sandarsa. Wani tsoho mai farin gemu ya taso da sauri ya kama hannun Baba da hannu biyu. Suka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya ƙarfin jiki, yaya mutanen Safana, har na zaci sun manta da famfon. Sannan tsohon ya dube ni.

"Wannan ne na Kano?"

"Shi ne, Malam. Yau shi ne idona."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Baba ya sa aka tuƙa famfon, ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya yi shiru kamar mai sauraron sirri. Ya ce robar ƙasa ce ta cinye, sai an zaro komai. Maza suka taru, muka shiga zaro rodi da bututu ɗaya bayan ɗaya, Baba yana shafa kowace mahaɗa da yatsa kafin ya miƙo mini sufana. Aikin ya tafi daidai har muka canza robar muka mayar da kayan. Sai wajen ɗaure kan famfon wani noti ya suɓuce daga hannuna ya faɗa cikin ciyawa da taɓo.

Noti ɗaya ne tak. Na durƙusa ina lalube, ban gan shi ba. Wata murya a cikina ta ce, ka gani, ko wannan ma ba ka iya ba. Kafin in ankara kuka ya ƙwace mini, irin kukan da ke girgiza kafaɗa, a gaban mata da maza da shanu.

Sai na ji tsohon nan ya ɗaga murya yana cewa, "Rana ce ta bugi baƙonmu, bai saba ba. Ku ba shi wuri." Alhali ranar a lulluɓe take. Ya kama hannuna ya kai ni gindin wata tsamiya a bayan wani dangan kara, ya sa aka kawo mini fura, ya koma. Daga nesa na ji wata mata ta ce ga notin nan, sannan na ji kukan ƙarfe, sannan guɗa. Ruwa ya zo.

An jima tsohon ya jawo Baba ya zaunar da shi kusa da ni, ya bar mu. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na kunyata ka."

Ya lalubo wata tsamiya da ta faɗo yana juya ta a hannu.

"Lokacin da idona ya tafi kana Kano," in ji shi. "Na hana innarka ta gaya maka. Wata biyu na yi a kwance a ɗakin da kake kwance yanzu."

Na ɗago na dube shi.

"Fushi nake da Allah. Na ce na bauta maka tun ina saurayi, ka rasa abin ɗauka sai ido? Addu'a ta ƙi fita. Abin da na iya kawai, in gari ya waye in ce, Ubangiji, ga ni nan, ba ni da abin faɗa. Shi ke nan. Wata biyu ita ce addu'ata."

"To me ya tashe ka?"

"Wannan tsohon. Ya ji labari, ya hau akori-kura ya zo har gida da rabin buhun gyaɗa. Ya juye a gabana ya ce, Mai Famfo, hannu ba ya makancewa, taya ni ɓara. Muka yini muna ɓara, bai yi mini nasiha ko ɗaya ba. Da zai tafi ya ce famfonsu na ciwo, suna jirana. Bayan sati ya dawo da wata gyaɗar."

Iska ta kaɗa, tsamiyar ta zubo mana ragowar ruwan da ta riƙe. Baba ya share fuskarsa.

"Kana ganin ƙarfin zuciya shi ne mutum ya zama dutse. Ni ma haka na zata. Amma ka tuna Almasihu kansa, da wahalarsa ta matso, bai ɓoye wa almajiransa cewa ransa na cikin baƙin ciki ba. Har roƙonsu ya yi su zauna kusa da shi. Bayan nan ya tashi ya nufi abin da ke gabansa. In shi bai ji kunyar wannan ba, kai wane ne?"

Tun ina yaro nake jin labarin nan a coci, amma ban taɓa jin sa a matsayin labarin wanda ya san halin da nake ciki ba.

"Saura abu ɗaya," Baba ya ce, muryarsa ta sauya. "Shekara biyu ina jin idona na raguwa, na ƙi zuwa asibiti. Ina cewa ni namiji ne, ni mai bangaskiya ne. Da na je, likita ya ce da na zo da wuri da an ceci ko da ɗaya. Wancan ba ƙarfin zuciya ba ne, girman kai ne na sa masa rigar bangaskiya. Kada ka bi sawuna. Jibi za mu Katsina, akwai masu duba irin ciwonka."

"Ciwo ne, Baba?"

"In ba ciwo ba, mene ne?"

Muka kama hanya tun kafin la'asar, don a shekarun nan ba a son yamma ta riski mutum a daji. Ban ba shi labarin komai ba a komawar, shi ma bai tambaya ba. Hannunsa dai yana kafaɗata.

Mun je Katsina. Wata likita mai sanyin murya ta saurare ni fiye da yadda na zata, ta ba ni magani, ta ce in riƙa dawowa. Ba zan ce na warke a daminar nan ba. Akwai safiyar da Baba zai buga ƙofa in kasa tashi, sai ya ce to, gobe. Akwai wadda zan tashi. Mun je Darini sau biyu, mun je cikin Batsari, mun je ƙauyukan da ban riƙe sunansu ba. Na koyi jin ciwon famfo ta hannun tuƙinsa. Na ari addu'ar Baba ta 'yan kalmomin nan, na yi ta amfani da ita har dawa ta fitar da kai, sannan wata rana na ji na ƙara mata wasu kalmomin ban ma lura ba.

Ranar Lahadin da na koma coci na zauna a bencin baya. Ban iya waƙa ba, na dai saurari matan zumunta suna kaɗa tulu da caki, muryar Inna a cikinsu. Da aka tashi, dattijon nan na ikilisiya ya jawo ni gefe. Ya daɗe yana gyaran murya, sannan ya ce ƙanwarsa a gida ta shekara ba ta fita, ba ta magana da kowa. Ya tambaye ni wace ƙofa ake shiga a asibitin. Na kwatanta masa.

Ban koma Kano ba. Sana'ar Baba na riƙe, na yi aure a nan, kuma har yanzu wasu ranaku sukan zo mini da duhunsu. In sun zo nakan gaya wa matata, in sha maganina, in yi abin da ranar za ta iya ɗauka.

Baba ya rasu bara, ana cikin girbin gero. Mutanen Karare da Darini suka ciko akori-kura suka zo ta'aziyya. Aka shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar gida, suna zaune da carbinsu, mu kuma muna waƙoƙinmu a ciki. Tsohon nan na Karare ba ya iya tafiya sosai yanzu, 'ya'yansa ne suka riƙo shi. Na zauna kusa da shi har rana ta karkata, yana ba ni labarin rijiyoyin da suka haƙa da Baba tun ba a kawo famfo ƙasar ba, da shekarar da guga ya faɗa musu har sau uku a yini ɗaya. Muka yi dariya, muka yi hawaye, sannan direbansu ya danna ham, suka tafi.