Bencin Asabar na Baba Kafinta

Ƙarfe bakwai na safe Baba Kafinta yake buɗe shago. Kafin ya taɓa zarto sai ya share garin katako, ya tsince guntayen da suka rage jiya, ya jera su a ƙarƙashin dogon bencin da ke bakin ƙofa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan jeri, kuma duk tsawon shekarun nan ƙanensa yana can ciki yana tsaki.

Ƙarami ake ce wa ƙanen, ko da yake ya ba sittin baya. Shi ne mai manyan ayyukan shagon: gadaje, kujeru, kabad mai madubi. In ya haɗa kusurwa ko allura ba ta samun wurin shiga. Amma ka tsaya a bakin titi ka tambayi shagon, sai a ce maka, "Na Baba mai akwatuna?" Maganar nan ta daɗe tana tsaye a maƙogwaron Ƙarami.

Duk ranar Asabar guntayen nan suke zama akwatuna. Wanda bai taɓa riƙe guduma ba sai ya zo ya zauna a benci, Baba ya koya masa haɗa ɗan akwatin ajiye abin tunawa. Ba ya ba kowa awo. Tambaya ɗaya yake yi: "Me za ka ajiye a ciki? Je ka kawo shi." A jikin abin ake auna katako. Sai a manne akwatin ruf ta ko'ina, ba ƙofa ba kafa, in gam ya bushe mai shi ya sa zarto ya yanke murfin da hannunsa. A nan ne zarto yake kauce wa ɗan koyo, Baba kuwa ya goya hannuwansa a baya yana kallo.

Kai ne, Baba, ka yi Asabar huɗu da direban nan mai ƙaton hannu da ya zo da takalmin 'yarsa ta fari, wadda ba ta kai ga yin tafiya da shi ba. Ya fasa katako ya kai goma, ba ka ce masa komai ba sai "Ɗauki wani." Kai ne ka sa tsohuwar malamar makaranta ta yi dariya har da hawaye ranar da murfinta ya rufe daidai. Mai haƙurin kallo, ba a taɓa ganin ka karɓe zarto daga hannun wani ba.

Ƙarami ya ga duk wannan ta tagar ciki, kuma gaskiya kishi yake ji. Wanda ya sayi gadonsa sai ya loda a mota ya tafi, ko waiwaye babu. Wanda ya yi karkataccen akwati a bencin Yaya kuwa sai ya dawo bayan shekara goma yana gaisuwa har ƙasa. Abin da Ƙarami yake so bai ɓoye wa kansa ba: ranar da Yaya zai huta, bencin nan ya zama nasa, a riƙa zuwa wurinsa shi ma.

Sau ɗaya ya gwada sa hannu. Wata mata mai ɗinki ta zo da tabaran mahaifiyarta marigayiya. Akwatinta ya fito da kusurwa ɗaya a karkace, irin karkatar da ke sa idon Ƙarami ƙaiƙayi. Da aka fita shan iska da rana, ya lallaɓo ya ɓalle gefen, ya gyara, ya goge. Cikin minti ashirin akwatin ya koma kamar na kanti. Ya koma ciki yana jiran godiya.

Mai Ɗinki ta dawo, ta shafa kusurwar da yatsa.

"Wa ya taɓa mini?"

"Ni ne, 'yar nan," in ji Ƙarami daga ƙofa. "Na ga ya ɗan kauce."

"Na san ya kauce, Kawu. Inna ta saba da karkataccen aikina, haka ta riƙa sa rigunan da na fara ɗinkawa tana yawo da su. Wannan ya yi kyau, amma ba nawa ba ne."

Ta ture akwatin gefe. Baba bai dubi ƙanensa ba, ya dai sunkuya ya zaro mata sababbin guntaye shida. Da ya yi faɗa ma da ya fi wa Ƙarami sauƙi. Ita kuwa tun daga nan ba ta fasa zuwa Asabar ba, shekara bakwai ke nan.

Bana hannun Baba ya fara rawa, ya ce ya isa haka. A Asabar ɗinsa ta ƙarshe mutane suka cika gaban shagon, kowa rungume da akwatinsa, wani murfi a gicciye, wani ƙusa ta leƙo waje. Ƙarami ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya dab da benci yadda ba sai an neme shi ba. Baba ya ɗauki ɗan zarton da ake yanke murfi da shi, ya wuce ta gaban ƙanensa, ya miƙa wa Mai Ɗinki.

Ƙarami ya daure har jama'a suka watse, sannan ya tare yayansa a ciki.

"Yaya, a gaban mutane? Matar da har yau ba ta iya fitar da kusurwa ba? Na fi ta iya aiki, ka sani."

"Ka fi ta," in ji Baba. "Ni ma ka fi ni. Tun muna yara a gaban mahaifinmu ka fi ni, ban taɓa haɗa abin da ya kai naka ba. Shi ya sa ba za ka iya tsayawa kana kallo ana ɓatawa ba. Ita za ta iya, don ta san zafin a gyara maka."

 Ƙarami ya zauna a kan wani gadon da bai gama ba, ya rufe fuska da hannu biyu. Kishin bai tafi ba, ƙarya ne a ce ya tafi. Amma bai taɓa sanin cewa yayansa yana kallon aikinsa ba sai ranar.

Baba Kafinta, mun gode. Mun gode da guntayen da ba ka zubar ba, da hannun da ka hana kanka sawa, da gidajen da yau suke da wurin ajiye abin da ba su so su manta. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka huta cikin daɗin rai. Masu sana'a, ku yi koyi da shi: ku ware rana ɗaya, ku bar ɗan koyo ya ɓata har ya iya. In kuma akwai na kusa da ku da hannunsa ya fi naku, ku gaya masa da wuri. Ƙarami ya yi kusan rayuwarsa duka yana jiran wannan magana daga bakin yayansa, ya kuma ji ta ne a ranar da aka hana shi bencin.